Kuɗin da Ba Su Yi Sallama Ba

Daren Talata ina gadin siton shinkafa,
sauron Logon na yi mini goge a kunne,
waya ta motsa cikin aljihu,
alhali ban bar wa kowa sallahu ba.

Dubu sittin na sefa
sun shiga asusuna na banki,
ba su ƙwanƙwasa ba, ba su yi sallama ba.

Albashina na san takunsa:
sai wata ya mutu ya kwana biyar
yake iso yana ɗingishi.
Wannan kuwa tsakiyar wata ne,
kuma maigidana bai taɓa mantuwa ta wannan fuska ba.

Ƙasan kuɗin ga haruffa a cunkushe,
Faransanci an sare masa kai da ƙafa,
baƙi huɗu, ɗigo, baƙi uku, sai lambobi,
kamar layar da mai ita ya rasu bai faɗi sirrinta ba.

Barka mai faci ya ce, "Ci abinka,
rabon kwaɗo ba ya hawa sama."
Goni Mahamat ya girgiza kai:
"Kada ka sa hannu a ramin da ba ka ga ƙarshensa ba."
Wani ya ce tarkon 'yan damfara ne,
za su kira su nemi lambar sirri.
Na jira. Kowa bai kira ba.

Kwana tara ina cin bashin gero,
dubu sittin na barci da sunana,
ni kuwa ban runtsa ba.

Falmata 'yar maƙwabcina ta dawo daga lakwal,
ta bi saƙon da ɗan yatsa:
"Baba Gambo, wannan tallafi, wannan jiha,
wannan gutsuren ambaliya ne.
Sauran, malaminmu bai kai mu nan ba."

Na sa rigar Juma'a ranar Alhamis,
na bi layi tun rana ba ta yi zafi ba.

Matar banki ta juyo mini da allo:
"Na waɗanda ruwa ya ci gidajensu ne.
Ba rance ba ne, ba kuskure ba ne.
Sunanka na cikin jeri."
Na ce, "Madam, ni fa ban kai sunana ko'ina ba."

Ta tura ni ofishin magajin garin Kusuri.
Can wani saurayi ya sauko da littafi
wanda danshi ya kumbura masa ciki,
ya lasa yatsa, ya yi ta buɗawa,
har ya tsaya a shekarar da ba mu manta ba.

Ga sunana. Ga lambar asusuna.
A gefe ga dangwalen yatsa da shuɗin tawada,
ƙarami, ya ɗan karkace,
ko ba a faɗa ba na san ba nawa ba.

"Matar gida ce ta tsaya maka," in ji shi.

Tasalla.
Sai ranar ta dawo mini:
ta shigo bayan la'asar, taɓo har gwiwa,
wata 'yar takarda ƙulle a bakin zane.
Na yi ta faɗa don ban tarar da tuwo ba.
Ta ce, "Na je wani wuri."
Ni kuma, da girman kaina, ban tambayi ina ba.

Azumin bara muka kai ta makwanci.
Aiken da ta yi ya yi shekara biyu a hanya,
ofis ofis, hannu hannu,
ya iso gida bai tarar da ita ba.

Na biya bashin gero.
Na sayi kwano huɗu da buhun siminti biyu,
na ta da bangon ɗakinta da ruwa ya kayar,
duk da na san ba za ta kwana a ciki ba.
Falmata na saya mata jakar littattafai.

Wayar kullum tana kukan ta cika,
na share na talla, na share na gaisuwa.
Baƙi huɗu, ɗigo, baƙi uku:
shi kaɗai ne har yau ban goge ba.